Abin da madubin likita ya gano a tafin ƙafata a Ingila

Ina cikin masu ciwon sukari da ake kira duk shekara a duba musu ƙafa a nan Ingila, kuma a wajen irin wannan dubawar ne ma'aikaciyar jinya ta tsaya a kan wani baƙin tabo da ke kusa da diddigena, ta tambaye ni tun yaushe yake nan. Na ce mata ai kaushi ne irin na wanda ya yi ƙuruciya yana yawo ba takalmi. Ko murmushi ba ta yi ba, ta ce za a tura ni sashen fata cikin gaggawa. Kada ku ɗauka komai na asibitin ƙasar nan haka yake tafiya, domin neman ganin likitan unguwa wahala ce mai zaman kanta: a buga waya da ƙarfe 8 na safe, a bi dogon layi, a ƙarshe a ce gurbin yau ya cika. Amma da zarar an yi zargin ciwon daji, ƙa'idarsu ita ce cikin kwana 28 a tabbatar wa mutum ko yana da shi ko ba shi da shi.

Na'urar da likitar ta fito da ita ba ta fi ƙaramar tocila ba. Madubi ne mai fitila wanda ke ƙara girman abu kusan sau 10. Ta shafa mini wani mai, ta manna shi a tafin ƙafata, ta ɗauki hoto, sannan ta juyo mini da allon kwamfuta. Fatar tafin ƙafa a jere take kamar kunyoyin gona, akwai tudu akwai kwari, kuma kafofin gumi suna bisa tudun. Ta nuna mini cewa idan baƙin ya kwanta cikin kwarin, galibi tabo ne na halitta, amma idan ya hau tudu ya bi shi a miƙe, kamar yadda nawa ya yi, abin tsoro ne. Likitocin Japan, musamman Toshiaki Saida, su ne suka fito da wannan alama, saboda irin na tafin ƙafa shi ne nau'in da ya fi yawa a cikin melanomar da suke gani, wato wani ciwon daji na fata. Ta tambaye ni ko na sa lalle ko rini, ta kuma kankare wurin kaɗan da aska, domin busasshen jini a ƙarƙashin fata yakan yi kama da shi. Bai kankaru ba.

Hoto ba ya yanke hukunci, sai da aka yanki tsoka aka kai ɗakin gwaji, aka tabbatar melanoma ce irin wadda ke fitowa a tafin ƙafa, tafin hannu da ƙarƙashin farce. Allah ya taimake ni ba ta nutsa ciki ba, don haka aka yanke ta da ɗan abin da ke kewaye da ita. A wurin Turawa nau'in ba kasafai ake ganinsa ba, amma shi ne ya fi kama baƙar fata, kuma ba zafin rana ke kawo shi ba. Shi ne ajalin Bob Marley a 1981, bayan ya fara masa a ƙarƙashin farcen yatsan ƙafa. Abin haushi shi ne takardun da suka ba ni duk hotunan farar fata ne da gargaɗin shiga rana.

Ina kwance ƙafa a naɗe, babu mai leƙo ni da ko kunun tsamiya, tunanina ya koma kan dattawanmu. Mu kam tabo a ƙafa ba ma kallonsa. Idan ya fashe mu ce ƙaya ce ko sammu aka taka, a kai wa wanzami ya tsaga, a barbaɗa gari, har ya zama gyambo mai wari, ƙaluluwa ta fito a matsematsi. Sai a lokacin ake neman motar zuwa asibitin koyarwa a Kano ko Zariya, inda sau da yawa abin da ya rage shi ne yanke ƙafa. Wannan madubi kuwa da batir yake aiki, kuma ana iya maƙala shi a wayar hannu a aika hoton ga likitan fata da ke wani gari.