Injin tsohuwar Camaro: a gyara na asali, a sayi na akwati, ko a dasa LS?

Tsakanin 1964 da 1972 kamfanonin Detroit sun yi ta rige-rigen cusa manyan injina masu silinda takwas a cikin motoci matsakaita. Daga nan aka samu Pontiac GTO da Chevelle SS da Dodge Charger da sauran motocin ƙwanji na Amurka. Yau autarsu ma ta haura shekara hamsin. Wanda ya mallaki ɗaya, kuma yana so ya riƙa zuwa aiki da ita safe da yamma, ba wai ya fito da ita ranar Lahadi a ɗauki hoto a mayar gareji ba, dole wata rana ya tsaya gaban buɗaɗɗen bonet ya yanke shawara a kan injin.

Zan yi misali da Chevrolet 350, don shi ya fi yawa, kayansa kuma suka fi sauƙin samu. Inji ne mai lita 5.7, wato inci kubik 350, inda ya samo sunansa, ya fara fitowa a motar Chevrolet Camaro SS ta 1967, daga dangin injinan da Chevrolet ta soma ƙerawa a 1955. Mai Ford 302 ko Mopar 340 na kamfanin Chrysler ma zai tsinci abin amfani a nan, sunayen kaya ne kawai za su bambanta.

Kafin a kai ga zaɓi, sai an san abin da ya sauya. Injin bai canza ba, man da ake ba shi ne ya canza. A zamaninsa fetur na ɗauke da dalma, wadda ke ɗaga oktan, wato juriyar fetur ga matsi, tana kuma kare mazaunin bawul daga cinyewa. Shi ya sa injin LT-1 na Camaro Z28 ta 1970 ya fito da matsin silinda 11 da 1. Dokar tsabtace iska ta 1970 ta sa GM, wato General Motors mai Chevrolet, ta sauke matsin injinanta tun daga motocin 1971, sannan aka haramta fetur mai dalma ga motocin titi a Amurka baki ɗaya a farkon 1996. Abin da ke gidan mai yanzu shi ne oktan 87 zuwa 91 ko 93, galibi gauraye da kashi goma cikin ɗari na itanol. Ka mayar da inji kan matsin 11 da 1 da kan silinda na ƙarfe, ka zuba masa wannan fetur a zafin Teksas, za ka ji yana ƙas-ƙas idan ka taka totur a hawa. Wannan ƙara ba ado ba ce, fistin ne ake yi wa duka. Itanol ɗin kuma yana cin tsofaffin robobin layin mai, yana saurin tafasa a kafireta idan mota ta tsaya da zafinta.

Baƙin mai ma haka. Tsohon 350 yana aiki da tafet mai shafaffen gindi, ɗan ƙarfen da ke tura bawul, wanda ke gogar kamshaf, sandar da ke sarrafa buɗe bawul, ƙarfe da ƙarfe. Abin da ke raba su faɗa shi ne wani sinadari mai tutiya da fosfaras da ake kira ZDDP. An rage shi a man zamani saboda yana lalata matatar hayaƙin sababbin motoci. Sabon kamshaf irin na da, in aka tashe shi da man da bai dace ba, yana iya cinyewa tun kafin mota ta fita daga gareji, garin ƙarfensa ya bi mai ya shiga ko'ina. Wannan magana za ta dawo a gaba, don ita ce ta fi kowace raba gardama.

Hanya ta farko ita ce a sauke injin asali a sake shi. Tana da hujja mai ƙarfi idan lambar da aka buga a jikin bulok ta yi daidai da lambar shasin motar. A 350 lambar tana kan wani ɗan fili a gaban kan silinda na ɓangaren fasinja. Masu tara tsofaffin motoci na biyan kuɗi sosai saboda wannan daidaito. Sai dai ga tarko: idan masu sassaƙa inji suka share saman bulok don ya miƙe, lambar na iya tafiya tare da ƙarfen da aka aske, kuma ba ta dawowa. Sai ka faɗa musu da bakinka tun ranar da ka kai, ka sa a rubuta a takardar aiki.

Aikin kansa ba ɓoyayye ba ne. A wanke bulok, a yi masa gwajin maganaɗisu don gano tsagewa, a auna kaurin bangon silinda, a faɗaɗa ramin da inci 0.030 idan ya ci, wanda ke mayar da 350 ya zama 355. A goge kiranshaf, a sa sababbin metal da ring da famfon mai. A sa wa kan silinda mazaunin bawul mai tauri a ɓangaren hayaƙi. A jefar da tsohon giyar tayimin mai haƙoran roba da GM ta yi amfani da shi don rage ƙara, wanda idan ya tsufa haƙoran ke karyewa su toshe matsotsar mai. Matsalar wannan hanya ba a ƙarfen take ba, a lissafi take. Ba wanda zai iya faɗa maka jimillar kuɗi kafin a buɗe, kuma shagunan da suka iya wannan aiki sun ragu a Amurka, masu kyan suna layi ne da su na watanni. Ingancin abin da za ka samu duk ya rataya a hannun mutum ɗaya da na'urar awonsa.

Hanya ta biyu ita ce injin akwati, wato wanda aka haɗa a masana'anta aka aiko maka a ƙunshe. Chevrolet Performance na sayar da nata, haka BluePrint Engines da ke Kearney a jihar Nebraska, da ATK da wasu, kuma manyan dillalai irin Summit Racing da Jegs suna kai wa mutum har ƙofar gida. Ribar a fili take: ka san farashi tun farko, akwai garanti a rubuce, kuma yana zama a mazaunin tsohon ba yanka ba walda. Sau da yawa, in aka tara kuɗin sassaƙa da kaya da ladan bakanike, injin akwati bai fi gyaran na asali tsada ba.

Amma akwati akwati ne, sai an leƙa ciki. Wani sabo ne fil, wani tsohon bulok ne aka sabunta. Wani bulok da kan silinda kaɗai ne, wani ya zo da kafireta da distiribita da famfon ruwa. Ka karanta sharuɗɗan garanti kafin ka biya, don wasu na rage shi idan da hannunka ka ɗaura a gida. Ka kuma tambayi shekarar ƙirar bulok ɗin. Daga 1986 Chevrolet ta koma sil na bayan kiranshaf guda ɗaya a dunƙule maimakon mai ɓari biyu da ya yi suna wajen ɗigar da mai, daga 1987 kuma injinan ƙananan motoci suka koma tafet mai ɗan gargare a gindi, wanda ke mirginawa a kan kamshaf maimakon gogarsa. Da irin wannan tafet maganar ZDDP ta mutu, kowane mai na kirki ya wadatar. Abin lura shi ne kiranshaf ɗin 1986 zuwa sama ba ya karɓar tsohon fulawil, sai an sayi nasa.

Hanya ta uku ita ce wadda samari suka fi so: a manta da 350 gaba ɗaya a dasa injin LS, dangin injinan GM masu silinda takwas na baya-baya. Wannan dangi ya fara da Corvette ta 1997, kuma daga 1999 aka cika motocin ɗaukar kaya irin Silverado da mai lita 5.3, shi ya sa yake birjik a wuraren tsofaffin motoci. Injin Beljiyam ɗinsu ke nan, in ka so. Yana tashi bugu ɗaya a sanyin Mishigan, shan mansa da dama-dama, yana da juriya ba laifi. Sai dai arhar injin yaudara ce. Mazaunin inji daban, kaskon mai daban, bututun hayaƙi daban, wayarin da kwamfutar inji, tanki mai famfo a ciki, agogunan dashbod da ba sa jin yarensa sai an yi musu tafinta. Ƙananan kayan nan su ke cinye kuɗin, kuma su ke jawo mota ta shekara a kan jak. Sannan idan ka buɗe bonet, abin da ke ciki ba na 1969 ba ne. Wani bai damu ba. Ni na damu.

Da ni ne mai Camaro ko Nova da zan hau kullum, ga abin da zan yi. Idan injin na asali ne mai lamba, in sauke shi, in shafe shi da mai, in naɗe in ajiye a kusurwar gareji. Darajarsa na nan ba abin da ya taɓa ta. A gurbinsa in sa 350 mai bulok ɗin 1987 zuwa sama da tafet mai gargare, ko na akwati ko wanda aka haɗa mini, da kan silinda na Vortec da GM ta fitar a 1996. Kawunan nan na ƙarfe ne, ba su da tsada, suna shaƙar iska fiye da yawancin na da, kuma ba ruwansu da dalma. Suna da sharaɗi biyu: sai an saya musu manifol nasu, kuma ba sa ɗaukar kamshaf mai tura bawul da nisa sai an yi musu gyara. Ga motar zuwa aiki, sharaɗi na biyu taimako ne ma.

Domin a kamshaf ne yawancin mutane ke yanka wa kansu tikitin wahala. Mutum ya ji wata mota a wurin baje koli tana gurnani tana girgiza a tsaye, ya ce shi ma irin wannan. Gurnanin nan alama ce ta injin da ba ya jin daɗin tafiya a hankali. Babban kamshaf na kai ƙarfi can sama inda ba ka zuwa sai jefi-jefi, ya ƙwace shi daga ƙasa inda kake rayuwa, tsakanin danja da danja. Yana kuma rage zuƙar iskar manifol, wadda birki mai busta ya dogara da ita, sai ka taka a cunkoso ka ji feda ta sandare. Ga 350 na yau da kullum, kamshaf mai buɗe bawul digiri 210 zuwa 220 a awon inci 0.050 ya isa. Matsi kuwa a tsaya wajen 9 zuwa 9.5 da kan ƙarfe, da na alminiyam a iya kusantar 10. Wanda ke son ƙarin ƙarfi gara ya ƙara girman injin: kiranshaf mai tafiyar inci 3.75 a bulok ɗin da aka faɗaɗa shi ke ba da 383, mai ja tun daga ƙasa ba tare da hayaniya ba.

Fistin ba sai an daɗe a kansa ba. Na ƙira, wanda masu tsere ke sa wa, yana son sarari a silinda, yana iya yin ƙara da safe kafin ya ɗumama. Na zubi mai yawan silikon ya fi dacewa da injin da ba za a sa wa turbo ba. Haka zancen bulok mai noti biyu da mai noti huɗu a maɗaurin kiranshaf: ana ta cika baki a kai, amma a ƙarfin doki 300 zuwa 350 kowanne zai yi.

Kafireta ko injekta? Quadrajet, kafiretar asali, idan ta samu hannun da ya san ta, ba ta da laifi, ƙananan maƙogwaronta na gaba ma suna tsimin mai. Masu hannun ne suka yi ƙaranci. Na'urori irin Holley Sniper da FiTech suna zama a mazaunin kafireta, suna gyara mai da kansu, suna sauƙaƙa tashi a sanyi. Sai dai kafireta na aiki da matsin mai 5 zuwa 7 a ma'aunin psi, su kuwa suna son kusan 58, don haka sabon famfo da sabon layi dole ne, kuma ba sa yafe wayarin na ganganci. Wuta kuwa ba gardama: a cire kwantak a sa distiribita irin HEI mai aiki da lantarki ba kwantak, wadda GM ta mayar ta kowa da kowa a 1975.

Kuɗin da ka yi tsimi daga neman ƙarfin doki, giya za ka kai wa. TH350, tsohuwar giyar otomatik ta GM, giya uku gare ta, ta ƙarshe ɗaya da ɗaya. Da giyar baya 3.73 da taya mai tsayin inci 26, a gudun mil 70 a awa injin na juyi kusan 3,400 a minti, yana kuka yana shan mai yana tsufa. Sa 700R4 mai giya ta huɗu 0.70, juyin ya sauko ƙasa da 2,400. Sai dai wayar totur ɗinta in ba a saita daidai ba, giyar na ƙonewa cikin ɗan lokaci. Mai kulochi yana da Tremec TKX mai giya biyar. Sai lagireto mai kyau da murfin fanka, wanda mutane ke cirewa su yar alhali shi ke sa fanka ta ja iska idan mota na tsaye.

Ka duba dokar jiharka kafin ka biya ko sisi. A Kalifoniya motar 1975 zuwa ƙasa ba ta zuwa gwajin hayaƙi, ta 1976 zuwa sama kuwa tana zuwa, kuma can canza inji yana da ƙa'idojinsa.

Idan duk da haka ka zaɓi injin asali da tafet ɗinsa na da, to ranar tashin farko ka kasance a wurin. A cika shi da man horar da sabon inji mai wadatar ZDDP, a juya famfon mai da diril har mai ya hau sama kafin a murza makulli, a tabbatar tayimin da kafireta a shirye suke don ya kama nan take. Da ya kama, a ɗaga shi zuwa juyi 2,000 zuwa 2,500, ana ɗan hawa da sauka, na minti ashirin zuwa talatin, kada a bar shi ya yi silo ko kaɗan. Bayan nan a zubar da man, a yanka filta a duba ko akwai ƙyallin ƙarfe a ciki.