Asibitin dabbobin da ya ɗora wa tantabarata fiffike: abin da na yaba da abin da ya rage musu

Shekara 11 ke nan ina kiwon tantabaru a saman soron gidanmu da ke cikin birnin Kano, kuma a tsawon wannan lokaci ban taɓa kai ko ɗaya wurin likita ba, domin a wurinmu masu wannan kiwo tantabarar da ta kamu da ciwo hanya biyu ce gare ta: ko a fasa mata kafso a ruwan sha, ko a sa mata wuƙa tun ba ta zama mushe ba. A hunturun da ya wuce ne kyanwa ta shiga ɗakinsu da dare, da gari ya waye na tarar da wani namiji da nake ji da shi a ƙasa yana jan fiffiken hagu. Dama kuma an yi makonni wasu daga cikinsu suna zubar da gashi. Wani maƙwabcina mai kiwon kaji ya kwatanta mini wani ƙaramin asibitin dabbobi mai zaman kansa, na je wurin sau huɗu cikin mako biyar, kuma a kan waɗannan zuwa huɗu na gina abin da zan faɗa. Ba zan ambaci sunan wurin ba, tun da akwai inda zan kushe.

Shago biyu ne aka haɗe. Na gaba shi ne na sayar da magani, na ciki kuma ɗakin dubawa ne mai teburin ƙarfe da sikeli da firij da madubin duba ƙwayoyin cuta. Yawancin masu zuwa raguna da karnuka da kaji suke kawowa, don haka na shiga da tsammanin za a yi mini dariya. Ba a yi ba. Abin da likitan ya fara ce mini shi ne: "Malam, sassauta riƙon nan, kada ka matse masa ƙirji." Ya bayyana mini cewa tsuntsu da motsin ƙashin ƙirjinsa yake jan iska zuwa jakunkunan iskar da ke cikin jikinsa, saboda haka wanda ya damƙe shi da ƙarfi don kada ya kuɓuce yana iya shaƙe shi bai sani ba.

Kafin ya taɓa fiffiken sai da ya ɗora tsuntsun a sikeli, ya sami giram 340, ya rubuta. Wannan ƙaramin aiki ne ya fara sa na amince da wurin, domin da nauyin ake auna magani, kuma mu da muke fasa kafson da aka yi wa mutum mai kilo 60 mu zuba wa tsuntsun da bai kai rabin kilo ba, ƙiyasi kawai muke yi. Daga nan ya bi fiffiken da yatsu a hankali, ya ce a tsakiyarsa ƙasusuwa biyu ne a jere, siririn ne ya karye, mai kaurin kuwa lafiyarsa ƙalau, kuma shi zai tsaya wa ɗan'uwansa a matsayin karan ɗori. Ya naɗe fiffiken a yadda tsuntsu ke ninke shi idan yana hutawa, ya zagaya bandeji a siffar lamba 8, ya ce a dawo duk mako a kwance a motsa gaɓar, kuma kada ɗaurin ya wuce mako uku, domin ƙashin tsuntsu yana saurin haɗewa, amma gaɓar da aka daɗe da ɗaurewa sandarewa take yi, a sami ƙashi ya warke tsuntsu bai ƙara tashi ba.

Ni karayar na kawo, amma ba ita ce ta fi damun likitan ba. Da ya ji kyanwa ce, sai ya riƙa hura gashin yana buɗa shi har ya gano wasu ƙananan huji biyu a ƙarƙashin fiffiken, waɗanda ni ban gani ba ko kaɗan domin ba su zubar da jinin a zo a gani ba. Ya ce a bakin kyanwa akwai ƙwayar cutar da ake kira Pasteurella, wadda idan ta shiga jinin tsuntsu tana iya kashe shi cikin kwana ɗaya ko biyu ko da raunin bai fi tsinin allura ba. Nan take na tuna tantabaru biyu da na taɓa ƙwacewa daga bakin kyanwa da ransu, na ga ba su da wani rauni, washegari na tarar da su a sandare, na ɗauka firgita ce ta kashe su. Ya wanke hujin da ruwan aidin da aka sirka, ya yi allurar kashe ƙwayoyin cuta, ya ba ni na kwana bakwai. Ya kuma hana ni shafa man shanu ko baƙin mai ko wani abu mai maiƙo, domin maiƙo yana manne gashi ya hana shi riƙe ɗumi, alhali zafin jikin tsuntsu yana tsakanin digiri 40 da 42 ne, kuma marar lafiya a cikin hunturu sanyi kaɗai ya isa ya ƙarasa shi.

Na ce masa ga alama ba ya jin zafi sosai, tun da ya yi shiru. Ya ce shirun shi ne alamar. Tsuntsu yana ɓoye ciwonsa ne saboda mai rauni ne shaho yake zaɓa a cikin garke, don haka sai an lura: ya kumbura gashi, ya riƙa lumshe ido da rana, ya ware gefe guda, ya daina gyaran gashinsa, ya rage cin hatsi. Ya ba ni maganin rage zafi mai suna meloksikam, na ɗigawa a baki, ya nuna mini iyakar layin da zan ja a sirinji. Da na tambaye shi ko diklofenak ɗin da nake da shi a gida zai yi, sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce: "Malam, don Allah ko kusa kada ka yi." Wannan magani yana lalata ƙodar tsuntsaye da dama, kuma shi ne ya kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na wasu nau'o'in ungulu a Indiya, waɗanda suka ci mushen shanun da aka yi wa allurarsa, har ƙasar ta haramta amfani da shi ga dabbobi a 2006. Kwana biyu da fara maganin namijin nan ya koma cin dawa da gero yadda ya saba.

A zuwa na biyu na tafi da tantabaru uku masu zubar gashi, ina sa ran a haɗa mini magani ɗaya na kowa da kowa, sai aka raba mini su gida uku. Ta farko likitan ya buɗe fikafikanta biyu ya nuna mini cewa cikin manyan gashin tashi guda 10 da ke kowane fiffike, wanda ya faɗi a dama shi ne ya faɗi a hagu, ga sabo yana tsirowa, fata kuma tas. Wannan sauyin gashi ne na shekara-shekara, wanda ke bi ɗaya bayan ɗaya daga ciki zuwa waje, kuma bai sayar mini da komai dominta ba, abinci mai kyau da ruwan wanka kawai ya ce a ba ta. Ta biyu ya ɗaga fiffikenta ga hasken taga, sai ga siraran ƙwarƙwata kwance a tsakanin zaren gashin, wanda suka ci har ya yi huji-huji. Ita aka ba hodar kashe ƙwari.

Na ukun ɗan shila ne mai sanƙo a ƙeya, kuma a kansa ne aka fi daɗewa. Sanƙon, in ji likitan, saran manya ne, kuma hakan yana faruwa idan ɗaki ya yi wa tsuntsaye kaɗan. Amma da ya buɗe bakinsa ya ga ya yi fari, sai ya ce akwai abin da ke shan jininsa wanda ba za a same shi a jikinsa da rana ba. Ya umarce ni in shafa farin ƙyalle a ƙarƙashin sandunan da suke kwana da cikin tsagogin katako bayan sallar isha'i. Na yi, ƙyallen ya fito da jirwayen ja. Wasu ƙananan ƙwari ne da ke ɓuya a tsaga da rana su fito su sha jini da dare, saboda haka ɗakin ne ke bukatar feshi, kuma sai an maimaita bayan mako guda domin feshin farko ba ya kashe ƙwai. Ya hana ni kananzir da muka saba shafa wa tsuntsu, domin yana ƙona fata, ya kuma rubuta mini kwanakin da zan jira kafin a yanka duk wanda aka ba magani, abin da mai sayar da 'yan shila ga masu farfesu ya kamata ya riƙe da muhimmanci.

Inda wurin ya gaza kuwa ba ƙarami ba ne. Benci ɗaya ne na jira, kuma a zuwana na biyu kwandon tantabaruna yana gab da na wasu kaji masu koren kashi, ɗaya har wuyanta ya murɗe, alamun da kowane mai kiwo ya san suna tafiya da cutar Newcastle, wadda ke da nau'in da ke kama tantabaru. A ƙasar da murar tsuntsaye ta ɓulla tun 2006, a jihar Kaduna da ke maƙwabtaka da mu, bai dace a ce asibiti ba shi da wurin ware tsuntsu mai cuta mai yaɗuwa daga mai rauni ba. Teburin ma ba kowane lokaci ake goge shi tsakanin dabba da dabba ba, sai da na roƙa. Wanda zai je ya yi sammako, ya sa tsuntsunsa a kwali mai murfi da hujin iska, idan ya dawo kuma ya ware shi daga sauran na wasu kwanaki.

Ba su da na'urar ɗaukar hoton ƙashi. Likitan bai ɓoye wannan ba, ya ce da ƙashin sama ne ya karye, wanda ke haɗe da kafaɗa, da sai dai ya tura ni babban asibitin koyarwa irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne zuwa na uku, ranar da likitan ya fita duba shanu. Yaron shagon, wanda ba likita ba ne, bai kalli tsuntsun ba ya miƙo mini ƙullin garin magani mai haɗin bitamin da maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanda maigidansa ya riga ya hana ni amfani da shi. Na ƙi karɓa, na zauna jira har bayan la'asar. Haka kuma ban sayi rigakafi a wurin ba, ko da yake suna da na Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, domin rigakafi yana bukatar sanyin digiri 2 zuwa 8, ni kuwa sau biyu ina tarar da firij ɗinsu a kashe saboda rashin wuta, janareta kuma ba a tayar ba.

Game da kuɗi, duba da ɗori da allura a ranar farko sun ci kusan abin da zan samu idan na sayar da 'yan shila shida, ba a karɓi komai ba a kwancen bandeji na mako-mako, hoda da maganin feshi kuma sun ɗan fi na kasuwa tsada. Ga wanda tantabararsa ta nama ce lissafin ba zai fita ba, amma ga mai tsuntsun iri da yake ji da shi, ko wanda gashin garkensa ke zuba bai san dalili ba, ina ganin kuɗin ya biya, da sharaɗin ya kira ya tabbatar likitan yana nan kafin ya fito daga gida.

An kwance ɗaurin a kwana na 19. Namijin ya yi mako guda yana tsalle daga sanda zuwa sanda kafin ya iya hawa katanga, yanzu kuma yana tashi tare da sauran, sai dai fiffiken hagun ya ɗan sauka ƙasa da na dama idan ya zauna, kuma shi ne ke fara dawowa soro idan sun yi zagaye biyu ko uku.