Rabuwar aure ba lauya: takardar gida, Hisbah ko kotun shari'a?

Idan miji da mata sun yarda zama ya ƙare, babu jayayya kan 'ya'ya ko dukiya, kuɗin lauya asara ne. Sai dai a fara duba irin auren. A Najeriya, auren da aka ɗaura a ofishin rajistar aure na gwamnati Babbar Kotu kaɗai ke warware shi, bisa dokar shari'o'in aure ta 1970, kuma ko ɗayan bai ja ba, akan nemi shekara 2 ba a zaune tare. Wannan kam a nemi lauya.

Auren da aka ɗaura a masallaci ko ƙofar gida fa? Takardar da miji ya rubuta ya miƙa saki ce a addini, amma ranar da ya ce "ɗaya na yi, ba biyu ba", ko ya musa rubutunsa, matar ba ta da madafa. Hisbah kuwa sulhu take yi, ba kotu ba ce.

Ku nufi kotun shari'ar yankinku. A shigar da buƙatar tabbatar da saki wurin rajistara, a biya, a karɓi rasit, a zo da shaidu 2 maza adalai. A gaban alƙali a rubuta saki nawa ne da ranar da aka furta shi, don daga ranar idda ke farawa: tsarki 3, wata 3 ga wadda ba ta al'ada, haihuwa ga mai ciki. In khul'i ne, a ƙirga abin da ta mayar a idon shaidu, kuma babu kome sai da sabon ɗaurin aure. Kuɗin ciyar da yara a yanka adadi duk wata, kada a yarda da "gwargwadon hali". Kayan ɗaki a jera su, har katifa da kwanuka.

Hattara da 'yan kamashon bakin kotu. Suna tsaye gindin bishiya da fayil a hammata: "Hajiya, kawo in gama miki yau, ba sai kin ga alƙali ba." Takardarsu har da hatimi, tsaf da ita, amma babu ita a littafin kotu. Asiri ba ya tonuwa sai ranar sabon aure, rabon gado ko neman biza. A duba lambar ƙara, sunan kotu, kwanan wata da sa hannun alƙali. Ko sisi kada ya fita ba rasit. Kafin ki bar harabar, ki sa rajistara ya buɗe littafi ki ga sunanki da idonki.