Nginx da aikin karkatar da baƙi bisa ga inda suka fito

Na shafe watanni ina amfani da Nginx a matsayin furoksi, wato manhajar da ke tsayawa a gaban sabar tana karɓar buƙatun masu ziyara, kuma babban aikin da na ɗora mata shi ne ta duba shafin da baƙo ya baro, ta tura shi inda ya dace. Igor Sysoev ne ya fitar da ita a shekarar 2004, kyauta ake samun ta, kuma a wannan aiki ta gamsar da ni ƙwarai.

Idan mutum ya latsa mahaɗi, burauzarsa takan aika da wani layi mai suna Referer ɗauke da adireshin shafin da ya fito, Nginx kuma ta ajiye shi a cikin $http_referer. Abin da ya fi burge ni shi ne umarnin map. Da shi ake shirya ɗan jadawali, a hagu a rubuta shafin da baƙo ya fito, a dama inda za a kai shi, sannan layi guda na return 302, wato umarnin tura baƙo wani adireshi na wucin gadi, ya kammala aikin. Duk wanda ya taɓa bin dogayen layukan RewriteCond na Apache, wata manhajar sabar, yana neman inda ƙa'ida ta karkace zai san darajar wannan tsari. Kafin in kunna kowane gyara nakan buga nginx -t, ta faɗa mini fayil da lambar layin da ke da kuskure, daga nan nginx -s reload ya ɗora sabon tsarin ba tare da katse waɗanda ke kan shafin ba.

Masu liƙa hotunan wani a shafinsu suna cinye masa data kuwa, umarnin valid_referers ya ishe su, domin da shi ake gano su a mayar musu da 403, wato lambar hana shiga.

Inda take da wuyar sha'ani shi ne umarnin if a cikin location (sashen da ke ɗauke da ƙa'idojin wani adireshi), wanda ba ya tafiya yadda sabon shiga zai zata, don haka ba na sanya komai a cikinsa sai return. Haka nan a guji 301, wato turawa ta dindindin, lokacin gwaji, saboda burauza tana riƙe shi, ko an gyara kuskuren baƙo zai ci gaba da faɗawa tsohon wuri.

Sai dai shi kansa Referer ba shaida ce mai ƙarfi ba, wannan kuma ba laifin Nginx ba ne. Tun daga Chrome 85 a 2020 da Firefox 87 a 2021, idan an tsallaka daga wani gidan yanar gizo zuwa wani, sunan gidan kaɗai ake aikawa, ba cikakken adireshi ba, kuma daga shafi mai tsaro (HTTPS) zuwa marar tsaro (HTTP) ba a aika komai. Ga shi kuma da umarnin curl -e, wanda ke aika buƙata ba tare da burauza ba, kowa zai iya ƙirƙirar na bogi cikin daƙiƙa. Shi ya sa nake barin default a cikin map ya karɓi baƙon da ya zo ba Referer, shafukan sirri kuwa na kulle su da kalmar sirri ta auth_basic.