Kafin ka biya kuɗin rediyon tauraron ɗan'adam a Sakkwato

Wani ƙanena ya sayo mota tokumbo 'yar Amurka, ya shigo gida da murna yana nuna mini maɓallin da aka rubuta SAT a jikin rediyonta. Dillalin ya ce masa da zarar ya biya kuɗin wata zai riƙa kama tashoshi fiye da ɗari, ko da yana kan hanyar Illela. Muka zauna cikin motar muna ta dannawa, ko tari rediyon bai yi ba. Raina ya ɓaci, don an ɗora masa kuɗi a kan abin da ba zai taɓa aiki a nan ba.

Maɓallin na kamfanin SiriusXM ne, wanda aka samar a 2008 bayan haɗewar Sirius da XM. Shirye-shiryensa na da yawa: kiɗa ba talla, sharhin wasanni, labarai da hirarraki, kusan duk da Turanci. Sai dai taurarinsa Arewacin Amurka suke haskawa, siginarsu ba ta isowa Najeriya. Afirka ta taɓa samun nata, wato kamfanin WorldSpace da wani ɗan kasuwa Noah Samara ya kafa, wanda ya harba tauraron AfriStar a 1998, amma kamfanin ya karye a 2008. In ka ga irin akwatinsa a kasuwa ana yi maka tayi, wuce abinka.

To me ya rage mana? Mafi kusa da wancan tsarin shi ne tashoshin sauti da ke cikin DStv, inda akwai kiɗe-kiɗe da BBC ta Turanci. Sauti garau, babu shuu. Amma kuɗin talabijin kake biya duk wata, rediyon gyara ne aka ɗora maka. Sai da wuta ko sola, ba ya bin ka gona ko kasuwa, kuma hadari na haɗuwa a watan Agusta sigina ta ɗauke. Wanda dama yake biya saboda ƙwallo, ya leƙa can ƙarshen jerin tashoshin, ya mori kuɗinsa. Don rediyo kaɗai kam, ban ba da shawara ba.

Na fi karkata ga kwandon tauraron ɗan'adam da ba a biyan kuɗin wata. Sau ɗaya za ka sayi kwando da dikoda, mai saiti ya juya maka shi wajen taurarin Larabawa irin su Nilesat da Arabsat, ka samu tashoshin karatun Alƙur'ani dare da rana. Mahaifiyarmu da shi take kwana. Ka dai tambayi mai saitin girman kwandon da ke kamawa a unguwarku kafin ka biya, kuma a kafe shi da kyau, don iskar farkon damina kan karkatar da shi.

Waya ma na yi, in kana da data da sabis mai ƙarfi.

Wanda kuwa labaran Hausa yake so, na BBC da take watsawa tun 1957, da DW da RFI, ga kuma sanarwar ɗaurin aure da ta rasuwa a Rima Radiyo, ƙaramar rediyo mai FM da gajeren zango ta ishe shi. Ya nemi mai caji da hasken rana, ya ja eriyarta ya gwada ta a gaban mai shago kafin ya miƙa kuɗi. Irinta ƙanen nawa ya saya daga baya, tana nan a aljihun ƙofar motar.