Gidan kiwon tururuwa da na yi oda: kwalaben sun yi, gidan kuwa yoyo yake

Tauraro uku na so na ba kayan nan da farko, don gaskiya ba komai ne ya ɓaci a cikin kwalin ba. Akwai kwalaben gwaji irin na lab, da auduga, da sirinji, da jar leda ta rufe gida tunda tururuwa ba ta gani sosai a jan haske, sai gidan kansa na roba garai-garai mai ɗakuna da filin cin abinci.

Abin da ya fi burge ni ɗan gilashin ƙara girman nan ne. Da shi na tabbatar sarauniya na kama ba ma'aikaciya mai jiki ba. In ka duba da kyau za ka ga ƙirjinta ya kumbura ya yi doro, ya kai faɗin kanta ko ya fi, saboda nan naman da ke kaɗa fukafukai yake, kuma a gefe da gefe ga tabon inda fukafukan suka cire bayan an yi barbara a sama. Namiji daban ne, ɗan kai ƙarami, manyan idanu, jiki siriri, shi bai daɗewa yake mutuwa bayan barbarar. Takardar cikin kwalin ko kalma ɗaya ba ta yi a kan wannan ba, haka ma shinge ba ta ambata ba, alhali bayan ruwan sama su ma fitowa suke kuma sabon shiga zai iya ɗauka sarauniya ce. Shinge gara ce, ba ta da siririn ƙugu, fukafukanta huɗu tsawonsu ɗaya, eriyar kanta miƙe take, ta tururuwa kuwa a lanƙwashe kamar gwiwar hannu.

Kwalbar ta yi aikinta wallahi. Ruwa kashi ɗaya cikin uku, a tura auduga ta tare shi, sarauniya a gaba, wata audugar a baki, a ajiye a duhu a ƙyale ta. Tawa irin waɗanda ba sa buƙatar abinci ce a farko, naman fukafukan nan jikinta ke narkarwa ta ciyar da 'ya'yan fari. Ta yi ƙwai, suka zama tsutsa, suka naɗe kansu, cikin wata biyu haka ga 'yan ma'aikata ƙanana sun fito. Ban yi gaggawar mayar da su gidan ba duk da takardar ta ce da sun fito a zuba su, na bari sai da suka haura ashirin, don in gida ya yi musu girma shara suke tarawa a ɗakunan da ba kowa sai fumfuna ta kama.

To daga nan ne raina ya ɓaci. Na jona kwalbar da gidan, suka ƙaura da kansu cikin dare, na sa ruwa da sirinji a soson da ke ba gidan laima daidai layin da su masu kayan suka zana, ban wuce ko ɗigo ba. Washegari na ɗaga jar ledar sai na ga ruwa ya bi ta haɗin robar ya kwanta a ɗakin da suka tara tsutsotsi. Ma'aikatan sai kai-kawo suke, kowacce da tsutsa a baki tana neman busasshen wuri, wata na gani ta manne a jikin robar ruwa ya riƙe mata ƙafafu tana ta mutsu-mutsu ta kasa ɓalle kanta, sai da na sa bakin auduga na tsotse ruwan sannan ta tashi. Sarauniyar ta takure a lungu ta danne ƙwai a ƙarƙashinta. Fiye da rabin tsutsotsin sun tafi, suka yi baƙi, wahalar watanni kenan ta wannan halitta da ba ta ci komai ba sai jikinta.

Na tura wa mai sayarwa hoto da bidiyo, wai amsar da zai ba ni ita ce ni na cika ruwa. Haba malam! Na kwashe su na mayar kwalba, na ɗora gidan babu kowa a kan farar takarda na sake zuba ruwa ƙasa da layin ma, kafin a jima takardar ta jiƙe, na tura masa wannan ma, har yau shiru.

Kuma yanzu da nake rubutun nan na tuna ramukan shan iskan murfin, sun yi faɗi, 'ya'yan farin nan ƙanana ne sosai ta nan suke sulalewa, kuma ba su sa maganin santsin da ake shafawa a bakin filin ba, sai da na kwaɓa hoda da kaina na shafa. A'a, uku ta yi yawa, biyu zan ba su, shi ma albarkacin gilashin da kwalaben.

Sarauniya ba abin wasa ba ce, akwai nau'in tururuwa mai suna Lasius niger da aka rubuta wata ta kusa shekara 29 a hannun mai kiwo, mutum ba zai so gam ɗin da ba a manna da kyau ba ya kashe masa ita. Wanda ya riga ya saya, don Allah ka gwada shi da ruwa a kan takarda kwana guda kafin ka sa ko tururuwa ɗaya. Tawa ta sake yin ƙwai a kwalba, kuma ni dai ina nan ina jiran a canza min gidan ko a maido min kuɗina.