Kwamfutar girke ta hannu da na saya: inji mai kyau, ciniki marar albarka

Ni malamin sakandare ne a Kano, kuma abin da ya sa na nemi kwamfuta bai wuce buga tambayoyin jarrabawa da haɗa sakamakon ɗalibai a Excel ba, domin na gaji da kai takarduna shagon buga takardu inda ake biyan kuɗi a kan kowane shafi, a kuma dawo mini da su cike da kurakurai. Kuɗin da na kwasa a adashi bai kai ko kusa da na sabuwa ba, kuma duk kwamfutar tafi-da-gidanka da aka nuna mini a daidai ƙarfina, ko dai batirinta ya mutu ko kuma murfinta na lilo. Shi ya sa na koma kan ta girke, irin waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka gama amfani da su ake shigo da su nan. Na tsaya a kan Dell OptiPlex 7040 mai ƙaramin gida, mai ƙwaƙwalwar Intel Core i5 zubi na shida da RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da take aiki da ita, gig 8, aka haɗa mini da allo da kibod da linzami.

Babban abin da na nanata wa mai shagon, saboda wani abokin aikina ya ja mini kunne a kai, shi ne ma'ajiyar bayanai ta kasance SSD, wato irin ta zamani mai sauri. Ya dafa ƙirjinsa ya ce, "Malam, kada ka ji komai, SSD ce a ciki, ga shi har Windows 11 na ɗora maka." Ya kunna ta a gabana, janareta na ruri a ƙofar shago, ta ɗan jima kafin ta tashi, ya ce sabon ɗori ne shi ya sa. Da na tambayi UPS, wato na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta na ɗan lokaci idan an ɗauke, na ji kuɗinta, sai ya ce sitabilaiza ma ta wadatar. Da na je gida na ga ma'ajiyar gig 500 ce, alhali 256 muka yi magana, sai na ɗauka gyara aka yi mini, har na yi masa addu'a.

Mako na biyar da sayenta ya faɗo daidai ƙarshen zangon karatu. Daren da zan miƙa sakamako washegari, na riga na shigar da makin aji uku, na gwaji da na jarrabawa, saura ƙasa da sunaye ashirin, sai aka ɗauke wuta. Kwamfutar girke ba ta da batir, don haka nan take komai ya mutu, sitabilaizar da aka ce ta wadatar ita ma ta yi shiru, tunda aikinta daidaita ƙarfin wuta ne, ba riƙe ta ba. Bayan kamar minti arba'in aka dawo da wutar, na danna maɓallin kunnawa, sai na ji wata ƙara ƙas-ƙas-ƙas na fitowa daga cikin akwatin, tana yi tana tsayawa, allon kuma ya tsaya baƙi da ɗan rubutu a sama mai nuna cewa ba a ga inda za a tashi ba. Na kashe na kunna ya fi sau goma. Ban yi barci ba a daren nan, kuma ban taɓa jin nauyin shiga ofishin shugaban makaranta kamar na safiyar ba.

Da aka tashi daga makaranta na ɗora akwatin a bayan babur na koma shagon. Mai shagon bai ko buɗe ta ba, ya ce garantin mako biyu ne kuma ya wuce, sannan abin da wuta ta lalata ba ya cikin lissafi. Da na duba rasit ɗin sai na ga babu abin da aka rubuta sai "kwamfuta set ɗaya" da kuɗi da sa hannu, babu SSD, babu lambar inji. Wani maƙwabcinsa ne ya tausaya mini ya nuna mini wani matashi mai gyara a bayan layin. Yaron ya ja wani ɗan maƙulli a baya, murfin ya zame ba tare da an kwance ƙusa ko ɗaya ba, ya ɗago kai ya ce, "Baba, wa ya ce maka SSD ce? Wannan ai tsohon faifai ne, kuma ba ma shi ya zo da injin ba." Ya nuna mini yadda aka cusa shi babu mazauninsa na roba, an tokare shi da guntun kwali.

Shi ya yi mini bayanin da ya kamata a ce na sani kafin na fitar da kuɗina. Tsohuwar ma'ajiya faifai ne a ciki da ke juyawa sau dubbai a minti ɗaya, da wata 'yar allura da ke shawagi a kansa tana rubutu tana karatu, ita ce kuma take wannan ƙarar idan ta kasa gane inda take. Ita kuwa SSD babu abin da ke motsi a cikinta. Ya ce ɗauke wuta sau ɗaya ba kasafai yake kashe lafiyayyen faifai ba, wannan dama ya daɗe da ciwo, wutar ƙarasa shi kawai ta yi. Ya jona shi a tasa kwamfutar, da ƙyar ya ceto mini wasu tambayoyin jarrabawa, amma fayil ɗin sakamakon ya ƙi buɗuwa. Dare biyu muka yi da uwargida, tana karanto maki daga takardun ɗalibai da fitilar waya, ni ina shigarwa a aron kwamfuta.

To amma dole in faɗi gaskiya game da injin kansa. Da yaron ya sa mini SSD ta gaskiya a wani ɗan gurbi da ke kan allon injin, wanda ake kira M.2, sai ta zama kamar ba ita ba. Kafin in gyara zama a kujera ta tashi, Excel da Word da burauza duk a buɗe ba ta ko gezau, kuma sai na kasa kunne sosai nake jin fankarta. Akwai gurbin RAM huɗu, biyu ne kawai a cike, wato duk ranar da na samu sarari zan iya ƙarawa. Inji ne na wajen 2015 zuwa 2016, amma ga aikin malami ban ga abin da ya rage shi da shi ba, kuma a wannan makon har na fara gaya wa mutane cewa na yi sa'a.

Sai dai da na zauna na haɗa lissafin SSD da ladan gyara da UPS ɗin da dole na saya daga baya, har da ɗan abin kama Wi-Fi da ake soka mata tunda ba ta zo da shi ba, sai na ga arhar ta gudu. Abin da ya ƙara tayar mini da ɓacin rai shi ne batun Windows 11 ɗin nan da aka yi mini talla da shi. Ashe ƙa'idar Microsoft ita ce in inji mai Intel ne, sai zubi na takwas zuwa sama, mai kuma wata 'yar na'urar tsaro da ake kira TPM 2.0, nawa kuwa zubi na shida ne, wato ta bayan gida aka ɗora mini shi, kuma kamfanin bai yi alkawarin ci gaba da aiko wa irin wannan ɗorin gyare-gyare ba. Shi kuma Windows 10 da injin ke ɗauka ba tare da wata dabara ba, an daina tallafa masa tun 14 ga Oktoba 2025. Da an gaya mini haka, da na ƙara wata biyu ina tari na sayi irin su OptiPlex 3060 ko 7060, waɗanda zubi na takwas ne. Mai shagon ya san wannan bambancin sarai, tunda yana da su a kan kanta, amma ya ga malami da kuɗin adashi a hannu yana ta nanata Core i5, sai ya bar ni a kan jahilcina.

Makon jiya malamin lissafi na makarantarmu ya ce shi ma yana son irin tawa. Na ce masa ya fara ware kuɗin UPS tukuna, abin da ya rage shi ne kuɗin kwamfutarsa. Ranar Asabar zan raka shi, kuma na riga na yi magana da yaron nan mai gyara zai bi mu, domin a buɗe akwatin a gabanmu a ga abin da ke ciki, a kuma rubuta zubin injin da irin ma'ajiyar da lambarsa a kan rasit kafin a ƙirga ko naira ɗaya.